Ciki ya ragu, kwano bai ragu ba

A ƙasar Arewa, tun daga Tibiri har Dogon Kiriya, ba a tambayar baƙo ko yana jin yunwa, domin tambayar kanta abin kunya ce ga mai gida. Ruwa ake fara kawowa, fura ta biyo, tuwo ya rufa baya, kuma da abin da baƙon ya rage a kwano ake auna gidan. Idan ya share, an yi abin kirki. Idan ya taɓa ya janye hannu, uwargida za ta kwana tana lissafi, ko gishiri ne ya zarce, ko kuwa wata magana aka kai masa a kanta. Wannan ɗabi'a ta bi mutane har rumfunan masu tuwo da ke bakin tasha, ta bi su har manyan gidajen abinci na Yamai inda ake ci da cokali mai yatsu. Mai sayar da abinci kuɗi take karɓa, amma idonta yana kan kwanon mai ci kamar idon uwa.

Ba a banza aka gaji wannan hali ba. Ƙasa ce da ta ga yunwa ido da ido. Kakanni sun ba da labarin farar 1931, iyaye sun sha farin 1973 da 1974, magidantan yau sun yi wayo a cikin yunwar 1984, wadda jama'a suka laƙaba wa suna El Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya, sannan shekarar 2005 ta zo ta tuna wa wanda ya manta. Inda aka taɓa jiƙa anza kwana da kwanaki don a kashe ɗacinta a ci, ba za a ga laifin mutum ba idan ya ɗauki teɓa tutar arziki. Mai ƙiba shi ne wanda ya ci ya ƙoshi, shi ake ba bashi da kwanciyar hankali, shi ake ba ɗiya. Mai rama kuwa sai an bincika.

A wannan ƙasa aka haifi mutumin da za a ba da labarinsa, ɗan kasuwa na Dogon Kiriya, can arewa da Dogon Dutsi, mai sayen wake da hatsi a kasuwannin ƙauye yana kaiwa Yamai da Ƙonni da ƙetaren iyaka. Ba a bukatar sunansa, Alhaji ya wadatar. Yana ɗan shekara 9 aka yi El Buhari, kuma bai manta ba da yadda mahaifiyarsa take dama dunƙulen fura ɗaya da ruwa mai yawa don ya zagaya yara biyar, ita kuma ta ce ta riga ta sha. Da Allah ya buɗa masa, sai ya shiga rama wa cikinsa bashin yarinta. Babu rumfar nama tsakanin Dutsi da Doso da ba ta san ƙarar motarsa ba. A shekarar 2022, yana da shekara 47, sikelin da yake auna buhun wake ya nuna masa kilo 138, alhali tsawonsa mita 1 da santimita 75 ne.

Likitoci suna da lissafin da suke yi: a raba nauyin mutum da tsawonsa, a sake raba abin da ya fito da tsawon nasa. Wanda ya kai 30 ya shiga ƙiba mai cutarwa, wanda ya kai 40 ya shiga mai tsanani. Na Alhaji ya ba da 45. Amma tun kafin lissafi jikinsa ya riga ya faɗa masa. Ciwon sukari ya kama shi, hawan jini ya biyo, gwiwoyi suka ƙi ɗaukar kaya, da dare numfashinsa yakan yanke cikin minshari har matarsa ta girgiza shi a tsorace. Abin da ya fi ci masa rai shi ne kujerar roba da yaronsa yake ɗaukar masa zuwa masallaci, yana salla a zaune a gefen tsofaffin da suka haife shi. Ba shi kaɗai ba ne a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum ɗaya cikin takwas na fama da ƙiba mai cutarwa, kuma a garuruwan Sahel ana iya samun yaro mai tamowa da magidanci mai ciwon sukari a unguwa ɗaya.

A watan Janairu na 2023 ya hau jirgi zuwa Tunis, inda masu hali daga ƙasashen da ke magana da Faransanci suka saba zuwa neman magani. Aikin rage ƙiba ba sabon abu ba ne. Tun 1966 wani likitan fiɗa na Jami'ar Ayowa a Amurka, Edward Mason, ya fara irin wanda ake yanke ɗan ƙaramin aljihu a saman tumbi a haɗa shi kai tsaye da hanji, abinci ya riƙa kewaye sauran. Wanda aka yi wa Alhaji shi ne wanda ya fi yaɗuwa daga baya, likitoci suna kiransa hannun riga. Ana huda ciki ƙananan huji huɗu ko biyar, a zura kyamara da kayan aiki, a yanke wajen kashi huɗu cikin biyar na tumbin a fitar, a ɗinke sauran ya zama siriri kamar ayaba. Tumbin da a da yake ɗaukar lita ɗaya ko fiye ya koma ɗaukar abin da bai wuce ƙananan kofunan shayi biyu ba. A ɓangaren da ake cirewa ne kuma jiki ya fi sarrafa girelin, sinadarin da ke tayar da yunwa, wanda masana na Japan suka gano a 1999, shi ya sa wanda aka yi wa aikin yakan yi watanni bai ji yunwar kirki ba.

Ranar sallama aka ba shi takarda mai ɗauke da dokoki. Makonnin farko ruwa-ruwa kawai, sannan abin da aka niƙa, sannan mai laushi, sai bayan wata ɗaya zuwa biyu a koma ga abincin mutane. A fara da abin da ke gina jiki, wato nama ko kifi ko ƙwai ko wake, a samu giram 60 zuwa 80 na sinadarin gina jiki a yini. A tauna kowace loma har ta zama kamar kunu. A ɗauki minti 20 zuwa 30 ana ci. Kada a sha ruwa tare da abinci, a bar rabin awa kafin ci da rabin awa bayansa. A rabu da lemun kwalba mai iska. A tsaya da zarar an ji alamar cika. Dokoki ne masu kyau, sai dai wanda ya rubuta su yana hango mutumin da ke zaune a teburin gidansa, da farantinsa shi kaɗai, da agogo a bango. Alhaji kuwa kwana biyar cikin bakwai a kan hanya yake. Ɗakin cin abincinsa shi ne benci a bakin kwalta, kuma a can ne aka san ko aikin Tunis zai zaunu.

Wata uku bayan dawowarsa ya tsaya a Dutsi, a rumfar wata Hajiya da ya shekara ashirin yana cin abincinta. Ta yi masa barka da zuwa, ta ce ya faɗa, ta kuma yi abin da ta san ana yi wa wanda ya faɗa: ta tula shinkafa, ta malala miya da mai, ta ɗora tsoka uku, ta aiki yaro ya kawo lemu mai sanyi. Idanu suna kansa. Ya yi loma biyar da saurin da hannunsa ya saba, ya kora da lemu. Kafin ya ajiye kwalbar ya ji kamar an kafa masa turmi a ƙirji, zufa ta keto, miyau ya cika masa baki. Ya miƙe ya zagaya bayan wata babbar mota, abin da ya shiga ya dawo. Da ya fito ya ajiye kuɗi a kan benci ya tafi ba tare da ya dubi kowa ba. Bai yi tunanin abin da ya bar wa Hajiya ba. A sana'arta, babban mutum ya ci abincinka ya yi amai a gaban jama'a, wannan ya fi gobara. Har yamma tana ɗanɗana miyarta tana tambayar ƴan aikinta wane ne ya wanke tukunya.

Daga nan ya fara karatun da babu shi a takardar likita, wato sanin abincin hanya ɗaya bayan ɗaya. Shinkafa da taliya da burodi, waɗanda su ne rabin abin da ake sayarwa a tasha, sukan dunƙule su cika ɗan wurin da ya rage, ba su bar wa nama gurbi ba. Kilishi da tsire da balangun da ya sha wuta sukan tsaya a ƙirji komai taunawa. Tuwon hatsi loma biyu ne, idan an sami miyar kuka ko ta kuɓewa da za ta raka shi. Abin da ya karɓe shi shi ne abin da a da yake rainawa: farfesun da ya dahu har nama ya saki ƙashi, dafaffen ƙwai a teburin mai shayi, kifi, waken da ya nuna luguf, awara, kwaɗon zogale idan ganyen ya dahu sosai, da nonon da ba a sa wa sukari ba. Ya lura cewa waken da ya yi shekaru yana lodawa a mota yana aikawa wasu ƙasashe, yana ganinsa abincin talaka, shi ne ya fi dacewa da sabon cikinsa.

Ya kuma san wata wahala da zaƙi ke kawowa. Idan abu mai sukari da yawa ya zarce cikin hanji da gaggawa, cikin minti 10 zuwa 30 zuciya ta shiga bugawa, jiri ya ɗebi mutum, ciki ya murɗa. Wani lokaci kuma sai bayan awa ɗaya zuwa uku sukarin jini ya faɗi, jiki ya ɗauki rawa. An fi ganin haka ga waɗanda aka yi wa aikin kewaye, amma masu hannun riga ma ba su tsira ba. Furar da aka zuba wa sukari ta koya masa wannan a hanyar Doso, har sai da direbansa ya tsaya ya shimfiɗa masa tabarma a gindin itace. Batun ruwa shi ma jarrabawa ne. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, mutum yana bukatar lita ɗaya da rabi ko biyu a yini, ga shi ba zai iya kafa kai ya shanye moɗa ba, ba zai kuma sha a kan abinci ba. Sai ya zama mai yawo da gora, yana kurɓa kaɗan-kaɗan tun safe har dare kamar mai shan magani.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan abin da ya same shi wajen mutane. Ciniki a ƙasar nan ba a ofis ake ƙulla shi ba. Ana ƙulla shi ne a kan takardar gasasshen nama da aka baje a tsakiya, ko a kan tire ɗaya da hannu biyar ke shiga. Wanda ya ci da kai ya amince da kai. Wanda ka yi wa bismilla ya ce alhamdu lillahi sau ɗaya, an ɗauka ya ƙoshi. Idan ya maimaita sau uku, to, ko yana ganin ya fi ka, ko yana tsoron ka sa masa wani abu. Zargin sammu ba ƙaramin abu ba ne tsakanin abokan ciniki, kuma ba a furta shi, a fuska ake karanta shi. Alhaji, wanda a da shi ne mai cewa a ƙaro na jika biyu, ya koma mai ɗaukar tsoka ɗaya yana juya ta a baki har a naɗe takarda. Wani dillali da suka yi shekara goma sha biyar tare ya daina kiransa ci, daga baya ya daina kiransa ciniki.

Mai karatu zai ce, me ya hana shi faɗin gaskiya? Kunya ce ta hana shi, kuma kunyar tana da tushe. Ya san garin da ya fito. Ya san gidajen da idan damina ta yi nisa, rumbu ya yi ƙasa, ake ɗora tukunya sau ɗaya a yini. Da wane baki zai gaya wa waɗannan mutane cewa ya kwashi miliyoyin sefa ya kai wata ƙasa don a rage masa ciki, saboda ci ya yi masa yawa? Ya ga kamar zagi ne ga yunwar maƙwabta, kamar zagi ne ga furar nan ta 1984. Don haka da aka tambaye shi abin da ya kai shi Tunis sai ya ce duba lafiya ne, ya ja bakinsa.

Amma jiki ba ya ɓoye sirri. Wata shida bayan aikin, manyan rigunansa sun koma kamar na aro, wuya ya fito, hula ta yi masa yawa. Sai kuma aka yi rashin sa'a ramarsa ta zo daidai da wani lokaci mai wuya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe iyakar Najeriya, ba a buɗe ta ba sai a watan Maris na 2024. Ƴan kasuwa da yawa sun ji jiki a watannin nan. Wanda ya ga mai fataucin wake yana zubewa a daidai lokacin da hanyar wake ta toshe, ba ya bukatar a yi masa bayani. Aka ce Alhaji ya karye, tunani ne ke cinsa. Waɗansu suka ce ciwon zamani ne ya ɗauko a yawonsa. Waɗansu suka ce jifa ne. Manoman da suka saba ba shi wake a kan amana, ya sayar ya kawo kuɗi, suka fara cewa sai dai hannu da hannu. Ɗan kasuwa kuwa jarinsa na gaskiya shi ne yardar mutane, kuma ita ce ta fara zubewa tare da kilo-kilon da yake murnar rabuwa da su.

Wadda ta fasa ƙwan wata Bafulatana ce mai tallan nono. Tsakanin Fulani da Arawa akwai wasan taubasantaka, kuma taubashi yana da izinin faɗin abin da kowa ke tsoron faɗa. Ran nan a tashar Dutsi, kusa da rumfar Hajiya wadda ya yi watanni yana kauce mata, ya tsaya sayen nono, ya ce kada a sa sukari. Ta dube shi sama da ƙasa, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Kai Ba'are, ina sauranka? An ce ka karye, an kuma ce ciwo ne. Gaya mini wanne ne a ciki, in san ko zan ba ka bashin nono."

Wurin ya yi tsit, masu ci suka tsayar da hannu. Alhaji ya ga cewa idan ya yi shiru yau, ya sa hannu a kan duk abin da ake faɗa. Sai ya yi dariya, ya zauna a bencin Hajiya.

"Ke Bafulatana, an ce ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. To, nawa wuƙa ta huda shi, kuma ni na biya. Sukari da hawan jini suka tasa ni gaba, likita ya rage mini tumbi. Ɗan ludayin nan naki ya fi cikina girma yanzu."

Aka yi salati, aka yi dariya, aka shiga tambaya. Ya ba da labarin tun daga kujerar masallaci har zuwa Tunis. Abin da ya ji tsoro bai faru ba, babu wanda ya ce ya zagi yunwar kowa. Wani tsohon direba ma cewa ya yi shi kansa likita ya hana shi gishiri da mai shekara uku ke nan, amma bai taɓa iya faɗa a gaban tire ba. Hajiya ce kaɗai ba ta yi dariya ba.

"Haba Alhaji! Ashe ba miyata ba ce? Wata shida ina zargin hannuna, na kori yarinya a kan banza. Da ka faɗa tun ran nan, ai da na san abin da zan dafa maka."

"Ki gafarce ni, Hajiya. Kunya ce."

"Kunyar me? Mai ciwo ai ba ya kunyar mai magani."

Ta aika aka nemo yarinyar ta dawo bakin aikinta. Tun daga ranar akwai wani ɗan kwano, irin wanda ake zuba wa yaron da aka yaye, da ke rataye a rumfar, ba mai taɓa shi sai Alhaji. Idan ya aiko cewa yana tafe, takan bar masa nama a wuta ya ƙara dahuwa. Sun yi jayayya a kan kuɗi, ita ta ce ba za ta karɓi kuɗin faranti a kan loma shida ba, shi ya ce ba zai zauna mata a benci rabin awa ya biya kuɗin yaro ba. Suka daidaita a kan cewa zai biya cikakken faranti, ta ɗebi nasa a ɗan kwanon tun daga tukunya, sauran kuma ta zuba wa almajiri ko yaron mota a kwano mai tsabta. Da wannan ya huta da abin da ya fi damunsa tun farko, wato barin abinci a kwano, domin wanda ya ga 1984 ba ya iya kallon shinkafa ana zubarwa. Abin da almajirin ke samu kuma rabonsa ne, hannu bai taɓa shi ba.

A kan tiren abokan ciniki ma ya sami dabara. Shi ne mai fara wanke hannu, shi ne na ƙarshen tashi. Yakan ja tsokarsa gefe, ya yanyanka ta ƙanana, ya yi ta taunawa yana jan hira, har masu saurin hannu su gama shi bai kai ta huɗu ba. Ya gane cewa abokan ci ba sa ƙirga loma, abin da suke lura da shi shi ne wane ne ya zauna, wane ne ya ƙi zama. Dillalin nan da ya yi fushi ya dawo da kansa, har yakan ce wa mai nama ya zaɓo wa Alhaji wuri mai laushi.

Yamai kuma jarrabawarta daban ce, kuma ma'aikatan gwamnati da ke yawan zuwa tarurruka a manyan otel sun san ta. A can babu mai cewa ci mana. An jera tukwane goma a kan dogon tebur, an ba kowa faranti mai faɗin faifai, an ce ɗebi da kanka. A nan ido ne abokin gaba, domin likita bai taɓa ido ba, kuma zuciya tana raɗa wa mutum cewa an riga an biya. Alhaji yakan wuce manyan farantai ya ɗauki ƙaramin da aka ajiye don kayan zaƙi, ya sa kifi ko kaza mai romo da ɗan ganye, ya zauna nesa da teburin yana ba shi baya. Idan yaron otel ya zo zuba masa lemu ko ruwa, sai ya kife kofinsa ya ce sai an jima. A gidan abincin da ake kawo takarda a zaɓa, yakan nemi a kawo masa abin buɗe ci kawai, ko ya ce a ƙunshe masa rabi tun kafin a kawo. Da farko yana jin nauyin fita da ƙunshi a hannu, yana ganin bai dace da babban mutum ba. Daga baya ya ga mai gadin ƙofa bai taɓa raina ƙunshin ba.

Wuri ɗaya ne dabara ba ta yi aiki ba, shi ne ɗakin mahaifiyarsa a Dogon Kiriya. Da labarin ya iso mata ba ta ce komai ba sai da ya zo gaishe ta. Ba ta kama sunansa, ɗan fari ne.

"Kai wannan, shekara nawa na yi ina roƙon Allah ya cika maka ciki? Ya cika, kai kuma ka je ka biya aka rage."

Bai ba ta amsa da baki ba. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa har ƙasa, ya zauna a tabarma kusa da ƙafafunta, abin da ya shekara shida bai iya yi ba. Ya ce, "Inna, jiya na yi sujada da goshina." Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta jawo ƙwaryar fura, ta ɗebi ludayi ɗaya tak ta miƙa masa, ta mayar da faifai ta rufe sauran.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan labari talla ce ga wuƙar likita. Aiki ne babba, yana da haɗarin zubar jini da ɓallewar ɗinki, yana iya barin mutum da ƙwannafi mai naci. Wanda aka yi wa zai sha ƙwayoyin bitamin, musamman B12 da D, da na ƙarin jini da na ƙarfin ƙashi, ya kuma riƙa auna jininsa har iyakar ransa, kuma mai zama nesa da babban asibiti ya kamata ya yi wannan lissafi kafin ya sayi tikitin jirgi. Ba a yin sa don ado. Ƙa'idar da likitocin Amurka suka kafa a 1991 ta ce sai lissafin nan ya kai 40, ko 35 tare da wata cuta, sannan a 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sauko da shi zuwa 35, ko 30 ga mai ciwo irin na sukari. Ƙiba kuma tana iya dawowa. Abin da ke dawo da ita sau da yawa shi ne abin da ke wucewa ba tare da taunawa ba, kamar shayin fada kofi uku da sukarinsa, da lemu, da fura mai zaƙi. Alhaji ya sauke kilo 40 cikin shekara ɗaya da rabi, likitansa ya rage masa magunguna, amma ya san kowace tasha da zai tsaya sabon zaɓi ne.

Waɗanda aka yi wa irin wannan aiki kaɗan ne a ƙasar nan, ba su kai a buɗe musu rumfa ba. Amma a bayan kowane ɗaya daga cikinsu akwai jama'a masu yawa irin tsohon direban nan, ƴan kasuwa da ma'aikata masu ciwon sukari da hawan jini, waɗanda likita ya gindaya wa doka, suna zaune a gaban tire suna cin abin da suka san zai cuce su don kada a ce sun raina mutane. Malamai sun daɗe suna karantar da cewa a raba ciki uku, a bar wa numfashi kasonsa. Abin da ya rage shi ne mai masauki ya yarda da hakan a kan baƙonsa. Mai gidan abinci da zai sa rabin faranti a rabin kuɗi, ya dafa miya ɗaya mai ƙarancin mai da gishiri, ba zai yi asara ba, zai sami masu zuwa da ba su da wurin zuwa. Mai gida kuma idan ya yi bismilla sau ɗaya, baƙo ya ci abin da ya iya ya janye hannu, ya karɓi alhamdu lillahinsa da zuciya ɗaya, kada ya bi shi da rantsuwa. Shi kuma mai lalura ya buɗe baki ya faɗa, tun kafin a kori wata yarinya a kan laifin da ba nata ba.

Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya sa albarka a abin da ake ci, kaɗan ne ko mai yawa.